Yaron da ya faɗi a filinmu na Agege da yadda muka sake tsarin tirenin

Ƙungiyar da zan yi magana a kanta ƙaramar ƙungiyar ƙwallo ce ta unguwa a nan Agege, ta yaranmu 'yan Arewa. Ba zan kama sunanta ba, ba zan kama sunan kowa ba, don ba tonon silili nazo yi ba. Ni ne ma'ajinsu, ni nake bin Alhazan unguwa da 'yan kasuwa ina karɓo ɗan abin da za a sayi bal da jesi da kuɗin mota in za a fita wasa. Abin da yasa na zauna rubuta wannan, duk filin da ka leƙa a Legas inda yaranmu suke, ko Idi-Araba ne ko Mile 12 ko Alaba Rago, tirenin ɗin kusan iri ɗaya ake yi, kuma abin da ya same mu ba abin da zai hana shi samun wasu.

Sai ka fara sanin su waye yaran kafin ka gane matsalar. Ba 'yan makarantar ƙwallo bane da ake saukewa a mota da jakar goyo. Wasu tun kafin asuba suna abbatuwar Oko-Oba suna fama da shanu, wasu kurar ruwa suke turawa jarka goma cike a titunan da duk ramuka ne, wasu dako suke a kasuwar Katangowa, akwai masu keke, akwai teloli, akwai 'yan shushaina da suka wuni suna yawo a ƙafa. Wato kafin yaro ya ɗaura takalmin ƙwallo ya riga ya yi aikin ƙarfi na wuni guda, wani ma tun kokon safe bai ƙara sa komai a cikinsa ba. Wannan shi ne jikin da yake zuwa fili, kuma shekara da shekaru ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi jikin nan me ya yi yau.

Kocinmu mutumin kirki ne wallahi, ko sisi ba a biyansa, ya buga ƙwallo a Arewa da ƙuruciyarsa kuma yadda aka horar da shi haka yake horarwa. Da an sallame la'asar za a haɗu, a fara da zagaye fili sau goma a guje, wanda ya makara a ƙara masa tsallen kwaɗo daga wannan raga zuwa waccan, sai ɗan miƙe-miƙe na tsaye, sai a raba gida biyu a yi ta bugawa har wajen magariba, sannan a ƙarshe, lokacin da kowa ƙafarsa ta mutu, a jera su a yi tseren gudu wanda yazo na ƙarshe ya sake. Ruwa kuwa sai an tashi. Koci yana cewa ruwa yana sa nauyin ciki, yana kawo ciwon gefe, kuma ɗan ƙwallon da bai iya jure ƙishi ba ba zai iya minti 90 ba. Yaran ma sun yarda da haka, har alfahari suke da shi. Masulful da targaɗe kuwa sun zama ruwan dare, kusan kullum akwai mai ɗingishi a gefe, a shafa masa man zafi, in ta yi tsanani a kai shi wajen mai ɗori, shikenan.

Abin ya faru ne wajen ƙarshen Fabrairu, hunturu ya janye ruwa bai sauka ba, lokacin da ko zama kake a shago riga sai ta jiƙe. Wani yaro ne da bai wuce shekara 18 ba, bai daɗe da zuwa daga wajen Sakkwato ba, yana taya yayansa sana'ar ruwa. Yaro mai gudu, mai zuciya, yana son ya nuna kansa a sa shi cikin 'yan wasan farko. Ya makara ranar saboda ya tsaya kai ruwa wani gida, don haka bayan zagaye goma aka ƙara masa tsallen kwaɗo. Ya yi, ya shiga wasa, can sai aka ga yana bin bal yana tangaɗi, an ba shi fasin ya bar ta ta wuce yana kallon wani waje. Kaftin yace masa kai lafiya kuwa, sai yaron da ko ɗaga ido ba ya yi gaban manya ya hau zaginsa da wasu maganganu marasa kan gado. Ya yi amai, ya durƙusa, sannan ya kife.

Nan fa fili ya rikice. Wani yana cewa iska ce a yi masa tofi, wani ya ruga neman albasa, wani yana ƙoƙarin ɓare masa baki ya ɗura masa madara, duk an yi masa rumfa ko iska ba ta shiga. Allah ya taimake mu akwai wata nas Bayarabiya da gidanta ke kallon filin, Mama muke ce mata, ita ta fito da zani a ƙirji tana daka mana tsawa. Ta taɓa wuyansa tace jikin ya yi zafi fiye da kima, ta sa aka ja shi inuwar katanga, aka cire masa riga da takalmi da safa, ta hana a ɗura masa komai a baki tunda ba ya cikin hayyacinsa zai iya shaƙewa. Ta tura yara shagon da ke da firiza suka kwaso duk fiyawota mai sanyi da ƙanƙarar da ke ciki, aka jera masa a wuya da hammata da matse-matsi, ana fasa wasu ana kwarara masa a jiki gaba ɗaya, mutum biyu suna fifita da kwali. Yayansa yana kuka yana cewa Mama a kai shi asibiti, tace za a kai shi amma sai jikin ya fara sauka, don da go-sulon yamma kafin a isa zafin ya gama ɓarna. Sai da ya fara buɗe ido yana gane mutane sannan aka sa shi a keke, ana tafiya ana ci gaba da jiƙa shi.

A asibiti an yi masa ƙarin ruwa, an kwantar da shi. Fitsarinsa na farko ya yi duhu sosai har yayan ya tsorata, likita yace alamar tsoka ce ta wahala har ta fara zubar da abin da ke cikinta a jini, kuma hakan yana iya taɓa ƙoda, don haka aka riƙa auna ƙodar kafin a sallame shi. A nan ne muka ji abubuwan da da an tambaya tun a fili da an sani. Ya yi zazzaɓi a makon, ya sayi magani a kemis ya sha bai ma gama ba. Ranar ya sha maganin ciwon jiki kafin yazo. Gwajin jini kuma ya nuna AS ne, wato ya gaji ƙwayar sikila daga ɓangare ɗaya na iyayensa, shi kansa bai taɓa sani ba.

Bayan an sallame shi muka zauna, ni da Koci da kaftin da wani ɗan'uwa da ya karanci aikin fisiyo, wato gyaran raunin tsoka da gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, wanda yake zuwa kallo wani lokaci. Koci abin ya dake shi matuƙa, ya ma ce zai ajiye. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne yadda ɗan Sakkwato zai faɗi saboda zafin Legas. Yace Ma'aji, yaron nan garinsu zafi yana haura 40, nan kuwa da ƙyar yake wuce 33, ta yaya? Fisiyon yace masa Koci ka tuna wanki, a Sakkwato ka shanya riga kafin ka gama wanke wando ta bushe, a Legas kuwa ta wuni a igiya da danshinta. Jiki ba ya hucewa don ya yi gumi, sai gumin ya bushe a fata yake tafiya da zafin. A nan iskar cike take da laima, sau da yawa tana haura kashi 80, gumi zuba kawai yake yana ɗiga ƙasa, ruwan jiki yana ƙarewa zafin kuma yana nan ciki. Jiki yana iya sabawa, amma yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu ana motsa shi kaɗan-kaɗan, kuma mu duk wanda ya sauko daga mota jiya yau muke jefa shi cikin zagaye goma. Idan zafin cikin jiki ya haura 40 mutum ya fara ruɗewa, ya fara faɗa ko surutai, wannan ba gajiya bace, abu ne mai kisa, kuma maganin farko shi ne a sanyaya shi nan take kamar yadda Mama tayi.

Maganar AS kuwa, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da shi, kuma ba ciwo bane, akwai manyan 'yan wasa masu shi. Sai dai in aka haɗa gudu mai tsanani babu hutu da zafi da ƙarancin ruwa, haɗarinsu ya fi na sauran. A ƙungiya mai yara sama da 20 ka lissafa da kanka mutum nawa ne, kuma tsarin da zai kare su shi ne dai tsarin da zai kare kowa, a hau a hankali, a huta tsakani, a sha ruwa, wanda yace ƙafarsa ta saki a ƙyale shi ya tsaya.

Ni abin da na riƙe daga zaman nan, ba yawan wahalar ce kaɗai matsalar ba, jerin ne a birkice. Ana gajiyar da su da gudun da ba bal tun farko, a yi wasa da jiki a gajiye, sannan abin da ya fi buƙatar tsoka da ƙarfinta, wato tseren gudu, a ajiye shi ƙarshe lokacin da tsokar bayan cinya ta fi saurin yagewa. Shi yasa masulful ba ya ƙarewa. Kuma ana amfani da motsa jiki a matsayin hukunci, wanda hakan ke koya wa yaro ya ɓoye ciwo don kar a ce rago ne.

Abu na farko da muka canza lokaci ne. Yanzu ƙarfe 5 ake farawa a tashi 6:30, kowa ya samu alwala kafin magariba. Minti goma kafin a fara duk wanda ya iso zai shiga sahu a taka filin daga wannan gefe zuwa wancan ana tsintar kwalba da ƙusa da dutse da ledar fiyawota, domin filin namu da rana hanyar mutane ce, da dare kuma Allah kaɗai ya san masu zama. A wannan lokacin ne Koci yake bin su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, kuma ba a cikin taro ba don ba wanda zai ce ba shi da lafiya gaban abokansa. Wa ya yi zazzaɓi, wa ya yi gudawa, wa bai ci abinci ba, wa ya sauke mota yau, ina ke ciwo, me ka sha. Mai zazzaɓi ba ya shiga, ko da ya rantse ya warke, sai zazzaɓin ya tafi gaba ɗaya ya gama maganinsa sannan ya dawo da rabin aiki. Wanda ya wuni yana sauke buhu yana yin ɗumama jiki da wasan bal amma ba ya shiga gudu mai ƙarfi. Baƙon da ya zo daga gida makonsa na farko rabin lokaci yake yi, na biyu a ƙara masa, komai iyawarsa.

Sai ɗumama jiki, a nan muka ɗauko tsarin FIFA da ake kira 11+, wanda aka fitar a 2006. Minti 20 ne, kashi uku, gudu a hankali da motsa ƙugu da kafaɗa na minti 8, sai ƙarfafa jiki da tsalle da tsayuwa a ƙafa ɗaya na minti 10, sai gudu mai ɗan sauri da juyawa na minti 2. Ba ya buƙatar komai, mu robobin lemo muka cika da yashi muka jera layi biyu. Da farko Koci yace wannan ai na Turawa ne masu filin ciyawa, sai fisiyon ya gaya masa a nan Legas aka gwada shi, a gasar matasa ta Lagos Junior League, ƙungiyoyi 20, yara sama da 400 'yan shekara 14 zuwa 19, wani mai bincike Oluwatoyosi Owoeye da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon a 2014. Ƙungiyoyin da suka riƙa yinsa raunukansu sun ragu da kashi 41, na ƙafa kuwa da kashi 48. Jin cewa yaran Legas ne a irin filayenmu shi ya sa ya sauko.

Akwai guda biyu a ciki da nake son a duba da kyau. Na farko, yaro zai durƙusa a kan gwiwoyinsa, ɗan'uwansa ya danne masa idon sawu da hannu biyu, shi kuma ya riƙa sulalewa gaba a hankali jikinsa a miƙe daga gwiwa har kafaɗa, yana riƙe kansa da tsokar bayan cinya har sai ya kasa sannan ya tare da tafin hannu. Bincike ya nuna wannan yana rage yagewar tsokar bayan cinya da kusan rabi. Amma yana sa tsamin jiki sosai a farko, kuma a nan muka ga bambancin yaranmu da 'yan makarantar ƙwallo, wani mai tura kura yazo yace Koci jiya ban iya hawa gangaren layinmu da ruwa ba, in haka ne na haƙura da tirenin ɗin, abinci ya fi ƙwallo. Gaskiyarsa ce. Sai aka mayar da shi sau uku kawai ga mai farawa, kuma sai ranar da washegari aikinsu da sauƙi, aka riƙa ƙarawa sannu a hankali. Na biyu shi ne dira bayan tsalle. Koci yana tsayawa a gabansu yana kallon gwiwa, duk wanda gwiwarsa ta karkata ciki in ya dira sai ya sake, ƙugu da gwiwa da yatsun ƙafa su zama a layi ɗaya, a dira a kan gaban ƙafa gwiwa a ɗan lanƙwashe. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa sanin haka suke dira ba sai da aka ɗauke su a waya aka nuna musu.

Ana gama wannan sai ruwa, sannan gudu mai ƙarfi, yanzu a farko yake lokacin da ƙafa da ƙarfinta. Gajere ne, mita 20 zuwa 30, sau biyar ko shida, kuma kowane ɗaya sai an dawo a tafiya an huta numfashi ya daidaita. Ba maganar na ƙarshe ya sake. Daga nan a shiga bal, fasin da tarewa da buga raga, sai ƙananan wasanni huɗu-huɗu ko biyar-biyar da ƙananan raguna, minti 4 ana yi minti 2 ana hutawa. Wannan shi ya maye gurbin zagaye goma, kuma duk wanda ya taɓa buga huɗu-huɗu a ƙaramin waje ya san ba wajen ɓuya, numfashin da ake nema a zagaye ana samunsa a nan, ga kuma bal a ƙafa. Sai ruwa kuma, sai babban wasa na kamar minti 20, sai a ƙare da sassarfa da tafiya da miƙe jiki na 'yan mintuna. Wanda ya makara hukuncinsa kwasar kaya da tsintar fili, kuma dole ya yi nasa ɗumama jikin a gefe kafin ya shiga.

Maganar ruwa ita ta fi cin rai, don a nan ake taɓa abin da Koci ya taso da shi. Abin da ya kawo ƙarshen gardamar sikeli ne. Muka aro sikelin da ake hawa, aka auna wasu kafin a fara da bayan an gama, sai ga mutum ya sauka da fiye da kilo ɗaya a yamma guda. Kowane kilo kusan lita ɗaya ce ta gumi, wato ledar fiyawota biyu tunda kowace rabin lita ce. In mutum ya rasa sama da kashi 2 cikin 100 na nauyinsa gudunsa da tunaninsa duk suna raguwa, ga mai kilo 60 kuwa kilo 1.2 ne kawai. Fisiyon ya kuma tuna masa cewa a gasar cin kofin duniya ta 2014 a Birazil, wasan Holan da Meziko a Fortaleza, alƙalin wasa da kansa ya tsayar da wasa aka sha ruwa saboda zafi. Yanzu buhun fiyawota yana cikin lissafina na kowane zama kamar yadda bal take, wani Alhaji mai shago ya ɗauki nauyin rabi, Allah ya saka masa. Ana sha kaɗan-kaɗan duk bayan minti 15 zuwa 20, ba a kwankwaɗa lokaci ɗaya. Muna kuma gaya musu su duba fitsarinsu da rana, in ya yi duhu su fara sha tun kafin su zo.

Akwai abin da ba a son faɗa amma sai na faɗa, ƙwaya. Wasu yaran suna shan tiramol don su iya aikin ƙarfi, su kuma zo da shi fili. Yana rufe ciwo mutum ya yi ta gudu a kan raunin da ya kamata ya tsayar da shi, yana iya kawo jijjiga, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi lokacin gasa tun Janairun 2024, duk mai mafarkin buga wa babbar ƙungiya ya san da haka. Haka magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, shansu kafin a fita rana a yi gumi yana wahalar da ƙoda. Ba mu kori kowa ba, don in ka kore shi ka mayar da shi inda ba mai ce masa komai, amma wanda aka ga alama ranar ba ya shiga, kuma kaftin ne yake jan sa gefe don sun fi jin maganar junansu.

A mako sau uku ake yi. Talata mai nauyi, Alhamis matsakaici, Juma'a ɗan taɓa bal da bugun kwana da firikik kawai in akwai wasa Lahadi. Ba a jera kwana biyu masu nauyi.

Ba a jima da fara sabon tsarin ba azumi ya kama, kuma 'yan shekarun nan yana faɗowa ne a tsakiyar zafin Legas. Yaran sun saba da ƙwallon bayan asuba, su yi ta gudu har rana ta fito sannan su tafi aiki da ƙishin wuni guda, wannan muka hana a ƙungiyance. Muka koma ɗan taɓawa na minti 40 gab da shan ruwa, ba tsere ba tsalle, a tashi ana kiran salla ga dabino da ruwa a gefe. Mai nauyin kuma sau ɗaya a mako bayan asham a wani waje mai fitila. Da damina ta sauka kuma doka ɗaya ce, da an ji tsawa a bar fili a shiga gini, ba ƙarƙashin bishiya ba, sai an yi minti 30 ba a ƙara jin ta ba.

Abin da har yanzu yake hana ni sukuni zuciya ce. A nan Legas, a babban filin wasa na Surulere, Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, yana da shekara 25. Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi ana wasa a garin Lafiya a watan Maris 2020 shi ma bai tashi ba. Shi kuwa Christian Eriksen da ya faɗi a Kofanhegan a watan Yuni 2021 ya rayu har ya dawo ƙwallo, saboda nan take aka hau danna masa ƙirji aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya. Mu ba mu da na'urar, kuma ba na jin akwai filin unguwa a Agege mai ita. Abin da muka iya, Mama ta zo wata Asabar ta koya wa mutum shida danna ƙirji, hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a danna da ƙarfi ya shiga kamar santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, kar a tsaya sai taimako ya zo. Duk wanda ya faɗi haka kawai ba tare da wani ya buge shi ba, ba ya amsawa, numfashinsa ba daidai ba, zuciya ce har sai an tabbatar ba ita bace. An rubuta lambobin kiran gaggawa 112 da 767 a murfin akwatin magani, an kuma ajiye lambar masu keke biyu na layin don mun san yadda hanya take da yamma. Wanda yake jin ciwon ƙirji in yana gudu, ko ya taɓa suma a fili, ko wani a gidansu ya yi mutuwar fuju'a yana matashi, sai ya ga likita kafin ya dawo. Wanda kuma aka yi karon kai da shi ya ga jiri ko ya manta abin da ya faru, ya gama wasa ranar, ko wasan ƙarshe ne na kofi.

Yaron ya dawo bayan likita ya ba shi izini, ya fara da tafiya da sassarfa, ya ɗauki makonni kafin ya shiga cikakken wasa, yanzu yana buga gefen dama. Ba zan kawo alƙaluma ba don ba mu da rajistar raunukan baya da za a kwatanta, sai yanzu muka sayi littafi kaftin yake rubuta duk wanda ya ji ciwo da inda ya ji da lokacin da ya faru. Abin da ido ya gani dai, masu zama a gefe da ɗingishi sun ragu, kuma a wasa ba ma mutuwa a zagaye na biyu kamar da. Mutum biyu sun bar mu sun koma wata ƙungiya, sun ce tirenin ɗinmu ya zama na mata, har yau abin yana min ciwo don yara ne masu kyau kuma na san irin abin da ake musu a can.

Inda muka maƙale yanzu gasar unguwanni ce da ake shiryawa. Masu shiryawa suna sa wasa ƙarfe 2 na rana don su samu su buga uku a wuni, kuma ƙungiya tana iya buga wasa yau ta buga gobe. Mun rubuta musu takarda da hannun Koci da nawa muna roƙon a fara daga ƙarfe 4, a ba da hutun shan ruwa a tsakiyar kowane zagaye, a bar aƙalla kwana biyu tsakanin wasa da wasa, a kuma ajiye ƙanƙara da mai aikin lafiya a bakin fili ko da za a ƙara kuɗin rajista. Ƙungiyoyi biyu sun sa hannu tare da mu, sauran sun ce sai sun yi shawara. Mun gaya wa yaranmu tun yanzu, in aka bar wasan ƙarfe 2 yadda yake ba za mu shiga ba bana, sun yi ta gunaguni, kaftin ma kwana biyu ba ya gaishe ni da sakin fuska, amma kuɗin rajistar yana hannuna kuma ban biya ba tukuna.